Iccen Malam Abarshi Cikin Kasko

Bayan girbin gero na shekarar 1991 Mutari ya fara ganin Saude. Ya taso daga Ƙonni bisa ɗan babur ɗinsa mobilet, ɗauke da dashen bedi, wato dogon yaro, da ma'aikatarsu ta gandun daji ke raba wa masu garka a Tsarnawa. A garka ta ƙarshe ya tarar da wata budurwa durƙushe gaban wani ɗan icce mai siraran ganye da ƙamshi mai ratsa hanci, tana share ido da bakin mayafi.

"Sannu da aiki. Wanga icce fa? Ban taɓa ganin irinshi ba."

"Romaran sunanshi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na Baba ne. Sadda shina kuku gidan wasu Nasara a Yamai ya zo da reshenshi cikin gwangwani. Shekara sha uku ke nan."

"To mi ya sa ki kuka?"

Sai a nan ta dube shi, gaban Mutari ya faɗi. Ta ce mahaifinta, Malam Abarshi, ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya zuwa garka. Ƙanensa ya karɓi aikin, albasa zai zuba ko'ina, mako mai zuwa zai tumɓuke iccen. Shi kuwa Baba ko shayi ba ya sha sai da ganyensa.

Mutari ya tuna wani littafi da wani ɗan Japan ya bari a buronsu, wato ofishinsu, mai hotunan manyan itatuwa da aka mayar ƙanana cikin kasko, ana ce musu bonsai.

"Zan iya mayar da shi cikin kasko, ya zauna gefen shimfiɗar Baba," ya ce.

"Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba."

Ta ce, "Gwamma kai da magirbin Baba Ƙarami."

Ranar aikin, a zaure aka yi shi, gaban Malam Abarshi. Mutari ya buɗe littafin a gefe. Ya rage saiwoyi, ya datse rassa, ya naɗe na sama da wayar tagulla don su lanƙwasa. Kafin ya gama, rabin iccen na zube a ƙasa. Saude ta kasa kallo, ta shige cikin gida.

"Baba, kar a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe," in ji Mutari. "Yawan ruwa ke kashe shi."

Tsohon ya juya fuska ga bango.

Daga nan Mutari ya riƙa zuwa Talata da Juma'a duba iccen. Ƙarƙashin kaskon yake bar wa Saude wasiƙa, nan kuma yake samun amsa.

"Ƙamshina, jiya a buro na rubuta sunanki inda ya kamata in rubuta sunan gari. Sai da na sake takarda. Naki, Mutari."

"Mai almakashi, ka bar ɓata takardun gwamnati. In da gaske kake, ka san inda manya suke zama. Saude."

Ya tura kawunsa neman aurenta. Amsar da aka kawo masa ta hana shi cin abinci kwana biyu. Malam Abarshi cewa ya yi, mutumin da ke ɗaure icce da waya don ya hana shi girma, ba zai ba shi ɗiyarsa ba.

Ana cikin haka Badaru ya shigo neman auren Saude, ɗan masu motocin da ke jigila tsakanin Ƙonni da Sakkwato. Yaro ne mai ladabi, ba a san shi da wani aibi ba, wannan ne ma ya fi tayar wa Mutari da hankali. Malam Abarshi ya ce wa iyayen Badaru su ba shi wata guda kafin ya ba su amsa.

Iccen kuwa sai lalacewa yake. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya koma baƙi-baƙi, ya fara zuba. Mutari ya karanta littafin har ya kusa haddace shi, bai gane inda ya yi kuskure ba. Wata Juma'a ya iske motar Badaru a ƙofar gidan, ya ji dariyarsa daga zaure. Bai shiga ba. Ranar Talata ya bar gajeriyar wasiƙa.

"Saude, na ɓata iccen Baba, ga kuma wanda ya fi ni. In zuciyarki ta karkata, ki faɗa mini, ba zan riƙe ki da komai ba."

Amsar ta zo da rubutu a karkace.

"Ashe haka ka ɗauke ni? Kullum sau uku nake duba iccen nan ina roƙon Allah ya raya shi saboda kai. Ka zo gobe ka yi wani abu, kwana tara suka rage Baba shi ba iyayen Badaru amsa."

Washegari da hantsi ya zo, ya nemi izinin zare iccen ya ga saiwar. Saude na tsaye bakin ƙofa, ta dafe ƙirji. Da ya ɗaga shi, wari ya tashi. Ƙasar ta zama taɓo, yawancin saiwoyin sun ruɓe.

"Ruwa ne ya yi mishi yawa," ya ce a hankali.

Saude ta zame ta zauna. "Ni ce. Safe da rana da marece nake zuba mishi. Da na ga ganyen na zuba sai na ƙara."

Mutari ya dubi tsohon. Dukansu biyu sun san wanda aka gaya wa maganar ruwa, sun kuma san bai isar da ita ba. Malam Abarshi ya buɗe baki zai yi magana.

"Laifina ne, Baba," Mutari ya riga shi. "Ni ya kamata in yi wa Saude bayani da bakina. Kuma na datse shi da yawa rana guda. Ɗan koyo ne ni."

Ya sunkuya ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyin, ya kwance wayar gaba ɗaya, ya faɗaɗa hujin kaskon, ya cika shi da rairayi da tsakuwa da garin gawayi. Tsohon na kallonsa har ya gama.

"Zai rayu?"

"Ban sani ba, Baba. Sai nan da mako uku ko huɗu."

"Saude, shiga ciki." Da ta tafi, ya ce, "Ka gaya mini maganar ruwa, na ji ka sarai. Haushi ya hana ni faɗi. Yau ka rufa mini asiri gaban ɗiyata. Ka ce wa kawunka shi dawo, ko iccen ya rayu ko ya mutu. Iyayen Badaru ni zan ba su haƙuri."

Mutari ya matso kusa da shimfiɗar. Sai ya kama hannun tsohon mai lafiya da hannuwansa biyu masu taɓo.

Ko bayan an sa rana hankalin Saude bai kwanta ba. Takan tsoma yatsa cikin rairayin, ta kai hannu ga buta, ta fasa. Rassa biyu suka bushe ƙayau. A mako na biyar na ukun ya fito da tsiro uku, kore shar, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

"Mai almakashi, ya tofo. Baba ya hana kowa taɓawa, har ni."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan, Badaru ma ya halarta. Da aka watse, Malam Abarshi ya sa aka kira ango da amarya zaure. Iccen na gefensa, ɓari guda busasshe, ɓari guda ɗanye, bai yi kama da ko ɗaya daga hotunan littafin ba.

"Ɗiya na ba ka, icce ban ba ka ba," ya ce. "Nan zai zauna. Mai kula da shi kuwa dole shi riƙa zuwa, kuma kar in gan shi shi kaɗai."

Saude ta yi dariya cikin hawaye. Tsohon ya ɗora hannu a kanta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku haƙuri da juna, shi ba ku zuri'a ta gari. Ku tashi, mota na jiranku."