Albasa Shida a Jakar Makaranta

Shekara biyu da ƙirƙiro Jihar Kebbi, an yi wata yarinya a garin Aliero, 'yar aji biyar. Kada ku tambaye ni sunanta, ba zan faɗa ba. Ta girma yanzu, kunya za ta ji. Babanta dai "Uwata" yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Yarinyar nan akwai kai. In dai lissafi ne, duk ajinsu babu mai kama ƙafarta. Amma fa akwai son a sani!

Babanta, Malam Sabi'u, shi ne hedimastan wata firamare a Maiyama. Kullum sai ya taso daga Aliero, ya ratsa Jega, sannan ya miƙi hanyar Maiyama. Tafiya ce mai nisa. Motar haya kuwa ba ta tashi sai ta cika. Sau uku sufeton makarantu yana zuwa, ya tarar hedimasta bai iso ba.

A na ukun ya ce, "Malam Sabi'u, in na sake riga ka zuwa, sai dai a ba wani kujerar nan."

Maganar ta tsaya wa Baba a rai. Da ya sayar da albasar da ya noma a shekarar, sai ya ce mota zai saya.

Ranar Asabar ya ɗauki yarinyar suka tafi Jega Sabon Gari, wurin Alhaji Magaji. Abokinsa ne tun suna yara, kuma motoci na hannu yake sayarwa.

Alhaji ya nuna musu mota biyu. Ta farko ja ce, doguwa, sai ƙyalli take. Kujerunta laushi kamar katifa. Ta biyu kuwa 'yar ƙarama ce, ruwan toka, bayanta a ƙudundune. In an danna ham ɗinta sai ta yi kukan agwagwa.

Yarinyar ta fashe da dariya. "Baba, wannan ai kunkuru ce!"

"Kunkuru ce mai zuwa Maiyama ta dawo," in ji Alhaji. "Sai dai ka ji gaskiya, Sabi'u. Duk biyun allurar da ke nuna mai ta mutu. Ka tahi da su gida mako guda. Ka gwada, wadda ta yi maka ka riƙe."

Washegari aka kawo motocin Aliero. A lokacin ana wahalar fetur, don haka Baba yana da ɗan duro a zaure. Ya cika tankin kowace mota har baki. Sannan ya kira yarinyar da mahaifiyarta, Inna Mairama.

"Ga yadda za mu yi," in ji shi. "Gobe in tafi da ƙaramar. In na dawo, in sake cika ta da kwalba. Jibi in tafi da jar, in yi mata haka. Wadda ta sha kwalabe kaɗan, ita ce tamu."

Inna ta ce, "Kai da in maƙwabta suka taru ba ka iya ƙirga yatsunka? Hira za ta ɗauke ka."

Baba ya yi dariya. "Shi ya sa Allah ya ba ni Uwata. Duk kwalbar da na juye, ki jefa ƙaramar albasa ɗaya a ƙwarya. In mun gama sai mu ƙirga."

Yarinyar ta ji kanta ya yi girma. Ta ce, "To, Baba."

Ranar Litinin a makaranta bakinta bai yi shiru ba. Ta tara ƙawayenta a gindin dogon yaro.

"Babana ya sayi mota ja! Doguwa ce daga nan har can. Iklima, ke zan fara ɗauka."

"Da gaske?" in ji Iklima, ƙawarta ta kusa.

"Wallahi kuwa. Ku jira ku gani."

Kun ji fa! Mota ba a ma zaɓa ba, ta riga ta raba kujeru.

Da la'asar Baba ya dawo da ƙaramar motar yana murmushi. Ya sa mazurari, yana juyewa, yarinyar tana jefa albasa. Tanki ya cika. Aka ƙirga, albasa takwas.

Ranar Talata ya dawo da jar motar. Maƙwabta suka yi caa a ƙofar gida. Wannan ya shafa, wancan ya leƙa madubi. Baba yana juye kwalba yana ba su labarin gudunta.

Yarinyar tana jefawa. Takwas. Tara. Goma. Motar nan ba ta ƙoshi ba! Sai da albasa ta kai goma sha biyar sannan mai ya taɓo baki.

Ta tuna da Iklima. Ta tuna da dariyar da za a yi mata. Ta duba dama, ta duba hagu, babu mai kallonta. Wuf, ta kwashi albasa shida ta cusa a jakar makarantarta.

"Nawa muka samu, Uwata?"

"Tara, Baba."

"Tara kacal? Ikon Allah! Ni kam na ji kamar hannuna ya fi gajiya yau." Ya leƙa ƙwaryar ya ƙirga da kansa. "To, albasa ba ta ƙarya. Kwalba ɗaya ce tsakaninsu. Jar za mu riƙe."

Yarinyar ta yi tsalle. Amma abin mamaki, tuwon ranar bai yi mata daɗi ba.

Laraba Baba ya tafi da jar mota, ya dawo lafiya. Alhamis ma haka. Ƙaramar tana nan gindin bishiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Juma'a ita ce ranar zuwan sufeto. Ranar kuma aka ba 'yan aji biyar hutu, don ana gyaran rufin ajinsu. Baba ya sa farar rigarsa da ta sha guga.

"Shirya, Uwata. Yau da ke zan tafi. Ladar aikinki ke nan."

Ta rataya jakarta ta shige gaba. Iska na kaɗa ta, gonakin albasa na wucewa. Daɗi kamar ya kashe ta.

Suna dab da Jega sai Baba ya shafa sitiyari. "Kin san tun Talata ban ƙara mata ko ɗigo ba? Alhaji ya ce tankinta kwalba talatin da shida yake ci. Tara a rana, kwana nawa ke nan?"

"Huɗu," in ji ta.

"Madalla! Kin ga yau na uku."

Nan fa kan nan mai lissafi ya fara aiki ba a sa shi ba. Sha biyar ranar Laraba. Sha biyar ranar Alhamis. Talatin ke nan. Saura shida. Zuwa Maiyama kuwa ya fi ƙarfin kwalba shida.

Ga masu sayar da mai can a bakin titin Jega da galan-galan ɗinsu. Ta buɗe baki za ta ce, "Baba, tsaya." Sai ta ga yadda yake fara'a, ta rufe bakin. Motar ta wuce.

Ta ce a ranta, wataƙila ta kai. Ya Allah ka sa ta kai.

Ba ta kai ba. Suna hango bishiyoyin Maiyama daga nesa, motar ta yi tari, ta yi fizga biyu, ta tsaya cak.

Baba ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru. Ya fita ya buɗe tanki, ya girgiza motar, ya kasa kunne. Babu motsin komai.

"Innalillahi! Ina man ya tafi?" Ya duba agogo. "Lallai tankin nan yoyo yake."

Kafin ta ce wani abu, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya shige ƙarƙashin motar. Ya fito duk baƙin mai da ƙasa. Fuskarsa ta canza.

"Babu yoyo. To ko Alhaji Magaji ne ya ɓoye mini wani ciwon motar? Mutumin da muka tashi tare?"

Wannan maganar ce ta karya mata zuciya. Ga rigar Baba ta lalace. Ga aikinsa zai tafi. Ga kuma bawan Allah ana zarginsa a banza. Ta fashe da kuka, ta zazzage jakarta a kan kujera. Albasa shida suka gangaro.

"Baba, ba Alhaji ba ne. Ni ce. Sha biyar ta sha, ba tara ba. Na ɓoye shida don ina son jar."

Baba ya dubi albasar, ya dube ta. Da ma duka ya yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Can ya ce, "Na ƙirga abin da ke cikin ƙwarya, ban ƙirga abin da ke cikin jaka ba, don na yarda da ke. Kwashe su. Mu nemi hanya."

Hanya kuwa fayau, ko keke babu. Sai ga wani makiyayi ya fito daga daji da amalanken shanu, ya ɗauko harawa. Sunansa Mamman.

"Malam, lahiya? Mi ya samu jar amarya?"

"Ƙishirwa," in ji Baba. "Don Allah Maiyama za ka?"

"Awo. Ku hau. Nawa injin ciyawa yake sha, ba ya ƙarewa."

Haka hedimasta guda ya hau kan harawa, shi da ɗiyarsa. Shanu na tafiya a hankali, ƙiiƙi, ƙiiƙi. Duk juyin taya sai Baba ya duba agogo.

Da suka iso, an riga an kaɗa ƙararrawa. Yara na kan layi. Suna ganin hedimasta a kan amalanke, da ciyawa a hularsa, sai dariya ta ɓarke. Amma mutum ɗaya bai yi dariya ba. Sufeto ne, yana tsaye a bakin ofis, hannunsa a baya.

"Malam Sabi'u, na sake riga ka."

Baba ya sunkuyar da kai. "Haka ne, ranka ya daɗe."

Yarinyar ta gane ba zai ambaci sunanta ba, ko da kujerar za ta tafi. Ta matsa gaba, ta durƙusa, ta jera albasa shida a gaban takalmin sufeto.

"Ranka ya daɗe, ba laifin Babana ba ne. Tun da sassafe muka fito. Ga abin da ya makarar da shi."

Sufeto ya ɗaga gira. "Albasa?"

Ta kwashe labari tun daga ƙwarya har amalanke ta faɗa masa. Ba ta rage komai ba. Sufeto ya saurara har ƙarshe. Gefen bakinsa ya fara motsi. Can dariya ta ƙwace masa, har da riƙe ciki.

"Shekara ashirin ina wannan aiki. Na ji an ce ruwa ne, na ji an ce taya ce. Yau ce rana ta farko da albasa ta tsare hedimasta!"

Ya share ido ya dubi Baba. "Mutumin da ya hau harawa don kada ya bar ɗalibansa, ba malalaci ba ne. Je ka karkaɗe rigarka, mu shiga aji." Ya juyo wurin yarinyar. "Ke kuma, kin yi babban kuskure. Amma faɗarsa a gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne. Kada ki sake."

"Ba zan sake ba, ranka ya daɗe."

Bayan an tashi, wani malami ya kai su da galan ɗin mai a kan babur, suka tayar da jar motar. Ranar Asabar Baba ya mayar da ita Jega. Yarinyar da bakinta ta ba Alhaji Magaji haƙuri. Da suka koma gida Inna ta miƙa mata sabulu da farar rigar Baba. Sai da ta wanke ta sau uku.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi wuya. Ranar Litinin ta sami ƙawayenta a gindin dogon yaro.

"Ƙarya na yi muku. Ba jar muka saya ba. Ƙaramar ce, mai kama da kunkuru."

Suka yi mata dariya, ba zan ɓoye muku ba. Amma Iklima ta ce, "Ni dai kin ce ni za ki fara ɗauka. Ko kunkurun ce ina so."

Da la'asar kuwa sai ga Baba ya dawo da wuri. Ya kwashe ta da ƙawayenta su biyar a ƙaramar motar, suka zaga bayan gari. Motar nan tana bin 'yar siririyar hanyar gona da jar ba za ta iya shiga ba. Duk wanda suka gani sai Baba ya danna ham, ta yi kukan agwagwa. Iklima ta yi dariya har da hawaye.

Tun daga ranar sufeto bai sake riga Baba zuwa ba.

A hanyar komawa gida Baba ya ce, "Uwata, me kika koya?"

Ta ce, "In an ba ni amana, in faɗi abin da na gani, ba abin da nake so ba. Ƙarya ko ƙarama ce, wanda ya yarda da kai take fara cuta."

"Haka ne," in ji Baba. "Gobe ma ke za ki ƙirga mini kwalabe."

Ta ɗago da sauri. "Ni, Baba? Har yanzu?"

"Ke mana. Ga ƙwaryar can tana jiranki."