Binnen Gonar Malami

"Namadi! Mi kay yi?!"

Dija ta tsaya a bakin gonar ubanta, tulu na rawa a kanta. An kife gonar kaf, tun daga gindin gawo har bakin burtali. Tarakta na can ƙarshe tana hayaƙi.

Namadi ya taho yana murmushi, rigarsa duk baƙin mai.

"Sanyin idona, kin ga aiki? Abin da gayya ka yini tana yi, kafin hantsi an gama!"

"An yi binne a gonar ga!"

Ya tsaya cak.

Ta sauke tulun, ta damƙo ƙasa, ta buɗe masa tafin hannunta. Ga ƙwayar gero ta fasa, farin tsironta ya karye. Ita da ubanta suka shuka shi a busasshiyar ƙasa tun kafin damina, shi yana sara, ita tana zubawa tana rufewa da diddige. Shekaranjiya aka yi ruwan farko.

"Wallahi ban sani ba, Dija..."

"Ina za ka sani? Ka fita da duhu, ka dawo da duhu!"

Haka Tungar Isa ta zama. Kakan Dija ne ya sari garin, kuma da can kowa manomi ne. Da aka gyara hanyar Anka zuwa Gummi, aka buɗe ofisoshin ƙaramar hukuma, sai samari suka koma 'yan bin mota. Da sassafe motar Halilu ta kwashe su, da magariba ta zube su. Da rana ba ka ganin kowa sai tsofaffi da mata da awaki. Namadi ma a Gummi yake aiki, a garejin da ake gyaran taraktoci.

Da ya nemi Dija, ubanta Malami sharaɗi ɗaya ya gindaya: a yi masa gayyar suruki, kamar yadda shi ma ya yi wa nasa surukin. Noman farko yake nufi, in gero ya tashi, amma Namadi ya ɗauka huɗa ake so. Ya kuma ce ranar Talata. Shi bai san wata Lahadi ta hutun ma'aikata ba, ba ya kuma son sani. Namadi ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce yana da aiki. Shi ne ya roƙi direban tarakta, ya ɓoye wa kowa, wai don ya burge tsoho.

Malami ya iso da sandarsa. Ya daɗe yana kallon gonar. Bai daka tsawa ba, abin da ya fi tsorata Dija ke nan.

Namadi ya durƙusa.

"Baba, kuskure ne..."

"Hannu nac ce. Kai ka kawo min ƙarfe."

"Baba, ka gafarce ni."

"Wanda bai san an yi shuka a garinsu ba, baƙo ne. Ba ni ba baƙo ɗiyata."

Ya juya ya tafi.

Da la'asar Atiku ya zo. Ɗan ƙanin Malami ne, ya daɗe yana son Dija, ita kuwa ko sallamarsa ba ta son ji. Ya tarar da ita tana surfe a ƙofar gida.

"Ƙanwata, sannu da jaje. Ni da shanuna biyu gobe sai in gyara wa Baba gonar."

"Wa ya nuna wa direba gonarmu?"

"Tambaya ta yay yi, nan nuna."

"Kana nan ranar da munka yi binne. Har ruwa ka sha a randarmu!"

"Ni ba a tambaye ni binne ba. Hanya anka tambaye ni."

Ta ɗaga taɓarya. Bai jira ya ga inda za ta sauka ba.

Ta shiga wurin uwarta tana huci.

"Inna, ki yi wa Baba magana!"

"In ce mishi mi? Abincin shekara ne, Dija. Ko ni raina ya ɓaci."

Namadi ya zo da yamma, ya tsaya a bayan darni kamar mai jiran hukunci.

"Dijata..."

"Kar ka kira ni haka."

"Mu tafi Gummi kawuna ya zo ya roƙe shi. Babban ma'aikaci ne, Baba zai ji nauyinsa."

"Ka ji ka! Ka kawo tarakta, yanzu kuma za ka kawo kawu! Kai komai sai an aiko maka daga Gummi?"

"To mi kike so in yi? In ba ke, ba ni da rayuwa!"

"Ni kuma in ba gero, ba mu da tuwo."

Hawaye suka zubo mata. Ta share da bakin zane, don ba ta son ya gani.

"Ina son ka, Namadi. Amma na gaji da son mutumin da ban taɓa gani da rana ba."

Ta shige gida.

Washegari motar Halilu ta tsaya a bakin hanya, ta yi ta danna ham. Dija na hanyar rijiya ta ji ana kiran sunan Namadi. Motar ta gaji ta tafi.

Ta tarar da shi a gonar, da sungumin aro a hannu, da ƙwaryar iri daga rumbun uwarsa. Yana sara, yana komawa ya zuba. Tafin hannunsa har ya yi bororo. Layukan sun karkace kamar sawun maciji.

"Za su kore ka daga aiki."

"Su kora."

"Kai kaɗai ba ka gama gonar ga kafin laima ta bushe."

"Na sani."

Bai ɗago kai ba. Dija ta tsaya, haushi da tausayi na cin ta lokaci guda.

Sai ga Malami. Ya bi layi ɗaya da ido har ƙarshe, ya yi tsaki.

"Wanda ya koya maka shuka ya cuce ka."

"Babu wanda ya koya min, Baba."

Tsohon ya fizge sungumin, ya yi sara huɗu a jere, ya miƙa masa.

"Haka. Kai ka sara, ita ta zuba. Kar ka taɓa min iri da hannun mai."

Dija ta ɗauki ƙwaryar.

Malami ya yi taku kaɗan ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In geron ga ya shiga rumbu, ka turo manyanka."

"Har kaka, Baba?" in ji Dija. "Kaka fa da nisa!"

"Ni nak kawo tarakta?"