Da Yatsa Ɗaya

"Babu saƙo, Zulaihat."

Labaran mai kafen intanet ya faɗa yana wani sauke murya kamar mai ta'aziyya. Sati tara ke nan, duk Asabar wannan amsar yake ba ta.

"Ka ƙara dubawa mana..."

"Na duba sau biyu. Namiji in ya hau jirgi sai a hankali. Mu dai da muke kusa muna nan."

Ta ja mayafinta ta fito.

Mubarak, wanda aka sa musu rana, kamfanin jima da yake wa aiki a Challawa ne ya tura shi Indiya koyon injuna na wata shida. Baffanta bai yarda budurwa ta riƙe waya ba, ita kuma ba ta taɓa sa hannu a kwamfuta ba. Labaran ne ya buɗe mata imel, shi ke sa lambar sirri, shi ke karantawa, shi ke rubuta amsa. Haka rabin Panshekara suke yi a shekarar 2008, ba wanda ya ga aibun abin.

A gida Baffa ya gama magana.

"Ran Juma'a zan je wajen iyayensa. In ya fasa su faɗa mana, mu ba roƙo muke ba."

"Baffa, ku ƙara masa sati ɗaya..."

"Na ƙara masa tara, uwata."

Ran Laraba da la'asar Esta ta faɗo gidan da jaka a kafaɗa. Ƙawarta ce tun firamare, yanzu sakatariya a wata masana'antar roba a Sharada, kuma bakinta ba ya jiran izini.

"Tashi, sarkin kuka! Ƙaramar hukuma ta kafa wani ƙarfe a gaban ɗakin karatu, intanet kyauta, ba waya ba tikiti. Na aro laftof ɗin ofis."

"Kyauta? Gwamnati?"

"Ni ma na yi mamaki. Mu yi sauri kafin su tuna."

Abin ba ya kamawa sai a gindin wani mangwaro, nan suka raɓa gefen ɗalibai uku suka zauna a kan bulo.

"Lambar sirrinki?"

"Labaran ke sa min."

Esta ta saki baki. "Ke Zuly! Kin ba ƙato mukullin ɗakinki kina tambayarsa ko an yi baƙo?"

Zulaihat ta zazzage jakarta. Tikitin kafe na ranar farko yana nan, Labaran ya rubuta lambar a bayansa, ya kuma manta.

Shafin ya buɗe a hankali. Akwatin saƙo wayam.

"Kin gani ko..." in ji Zulaihat.

"Tsaya." Esta ta danna inda ake jefa saƙonnin da aka goge.

Guda goma sha tara. Duk daga Mubarak. Ashe Labaran ke goge su.

Esta ta karanta na ƙarshe, wannan karon ba tsokana a muryarta.

"Hasken idona, an rubuto min da sunanki cewa kin samu wani, kada in sake nemanki. Ban faɗa wa kowa a gida ba, don ban yarda ba. Ke ba kya kirana Mubarak, Malam kike cewa. Kullum in na tashi aiki ina zama a gaban kwamfuta awa ɗaya. Zan ci gaba da zama."

Zulaihat ta kifa kai a gwiwa. Daɗi da kunya suka haɗe mata, don ita ta fara zarginsa, shi kuwa ko sau ɗaya bai zarge ta ba.

"Faɗi, in rubuta masa," in ji Esta.

"A'a. Ba ni."

"Ba ki san inda harafi ɗaya yake ba fa!"

"Zan nemo."

Da yatsa ɗaya ta riƙa bin haruffan kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Esta ta ciji leɓe ta haƙura. Sai da ɗaliban suka tashi kafin ta gama layi ɗaya.

"Malam, ni ce. Da hannuna na rubuta."

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta faɗo.

"Na sani, ranki ya daɗe. Kuskure huɗu a layi ɗaya, wa zai yi min wannan in ba ke ba? Alhamdulillah... Alhamdulillah!"

Tana dariya hawaye na zuba. Nan take Esta ta nuna mata yadda ake canza lambar sirri, ta kau da kai har ta gama.

Washegari Baffa da kansa ya zo gindin mangwaron, ya zauna a kan bulo da babbar rigarsa, aka karanta masa sha taran kaf. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Labaran kuwa zan ga ubansa," ya ce. "Wannan yaron fa, yaushe zai dawo?"

"Bayan Sallah, Baffa."

"To rubuta masa, ranar tana nan inda aka sa ta."

Esta ta miƙa hannu za ta karɓi laftof ɗin, Baffa ya ɗaga mata sanda.

"Bar ta, 'yata. Ko za mu kai magariba, ita za ta rubuta."