Wasan Taubashi a Waya

Saliha na tsakar gida tana tsince shinkafa Gwaggo Adama ta faɗo, sallamar ma rabi ta yi. Ƙanwar babanta ce, kuma mahaifiyar Mudassiru, wanda aka sa musu rana bayan girbi. Saliha ta shimfiɗa mata tabarma, ta riga ta san abin da ke tafe da ita.

Yayanta Ɗanbaba na kwance a asibiti. Tsutsar sharon ce ta cinye masa tumatir kaf, gonar da ya sha wahalar ban ruwanta tun dashe. Da abin ya ci ransa, sai ya rubuta a gurup ɗin waya na samarin dangi cewa duniya ta ishe shi. To Mudassiru taubashinsa ne, tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya, manya na dariya suna ƙara zuga su. Ya amsa masa: "To me kake jira? Ka tafi mana, mu gaji babur." Ɗanbaba ya ce da gaske yake. Mudassiru ya ce matsoraci irinsa ba zai iya ba, ya jera hotunan dariya. Da la'asar masu ban ruwa suka tsince shi a bakin kanal ɗin ruwa ya yi yunƙurin halaka kansa, rai a hannun Allah.

Malam Dalhatu, mahaifinsu, ya kai ƙara wajen 'yan sanda, ya ce aure kuma an fasa.

Abin da Gwaggo ke so bai da yawa, in ji ta. Saliha ta shaida cewa ranar wayar Mudassiru na shagon caji, ba a san wanda ya taɓa ta ba. Ai wasan taubashi ne, tun kaka da kakanni ake yi, yaushe ya zama laifi?

"Gwaggo, a zaurenmu yake zaune yana latsa wayar nan, ina kallonsa," in ji Saliha, hawaye na zuba.

"Au, mijin naki za ki kai gidan yari? To ki zaɓa."

Saliha kuwa tana son Mudassiru, so na gaske, tun yana kawo mata rake daga Kura yana cewa tsintuwa ya yi. Da ya kira ta, muryarsa ta dishe don kuka. Ya gaya mata lauya ya ce zuga mutum ya halaka kansa laifi ne, ko a waya aka yi, ko da sunan wasa.

"Wallahi joke nake yi, Saliha."

"Na sani. Amma ka je ka faɗi gaskiya da bakinka, kada ka sa in faɗa a kanka. Ko me aka yanke, zan jira ka."

Ya je ya amsa laifinsa. Gwaggo ta daina amsa gaisuwar Saliha, Baba kuma ya hana a ambaci sunan Mudassiru a gidan. Haka ta zauna a tsakiya, nan harara can harara.

Allah ya tashi kafaɗun Ɗanbaba, likita ya ci gaba da duba damuwarsa. Da dattawa suka nemi a yi sulhu, Ɗanbaba ya ce a kira masa Mudassiru. Saliha na daga bakin ƙofa ta ga saurayinta ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Ranar nan ina zaune riƙe da waya, ina jiran saƙonka," in ji Ɗanbaba a hankali. "Da 'kana ina?' ka rubuto, wallahi da na gaya maka."

Mudassiru ya kife kai a gwiwarsa yana kuka, har Baba ya juya yana share ido. Ɗanbaba da kansa ya roƙi a janye ƙara, a kuma mayar da ranar aure, don ƙanwarsa ba ta yi laifin komai ba. Shekara na zagayowa aka ɗaura.

Haƙurin Saliha da gaskiyarta ba su faɗi ƙasa banza ba. Mu kuma masu waya a hannu, idan ɗan'uwa ya ce ya gaji da rayuwa, a ajiye wasa a tashi a neme shi. Abin da yatsa ya rubuta, mai yatsan za a tambaya, a nan duniya da kuma gaban Allah.