Hoton Da Ya Faɗi

Idan kun taɓa tsayawa jiran mota a Kwanar Dangora, wataƙila kun ga wani mutum zaune a gindin bango, riƙe da fasasshen gilashin waya yana ta shafa shi da babban yatsa. Yatsan har ya zama gyambo. Ba ya bara, ba ya zagin kowa. In ka matso kusa sai ya miƙo maka gilashin ya ce, "Don Allah danna yarinyar." Sunansa Mujitaba. Na koyar da shi a sakandare a Kiru, kuma da bakinsa ya ba ni labarin nan kafin hankalinsa ya gushe. Zan faɗe shi a tsanake, domin matasanmu masu neman abinci ta waya su ji.

Sana'ar Mujitaba ita ce haɗa tallan da ke shiga cikin manhajojin waya. Ba irin mai ihu da jan rubutu ba. Nasa yakan zauna ne a tsakanin labarai da hotunan abokai, ya yi kama da su, har mutum ya danna bai ankara da cewa talla ne ba. Ya san aikinsa. Yakan ce mini, "Malam, duk tallan da ya yi kama da talla ya mutu. Ka sa fuskar da mutum zai ɗauka maƙwabcinsa ne, ka sa magana gajera irin wadda ake yi a bakin ƙofa, shi ke nan." Yana kuma da wata al'ada ta masu wannan aiki: kowane talla sai ya yi shi da hoto biyu, ya sake su tare na tsawon mako. Wanda aka fi dannawa ya ci gaba da shi, wanda ya faɗi ya goge.

Aikin yana ciyar da gidansa, amma sannu a hankali. Masu taki da masu kifin madatsar ruwan Tiga ne abokan cinikinsa. Shi kuma idonsa yana kan sa'o'insa na birni da suka hau manyan motoci. Wannan ƙishirwa ce ta kai shi Doguwa, can bayan gari inda hanya take ƙarewa a gindin duwatsu, wurin wani boka da ake kira Ɗanliti.

Da tsakar rana ya isa, amma cikin kogon duhu ne kamar rijiya. Wari ya fara tarbarsa, na tsohon jini da turaren da bai san irinsa ba. An jera tukwane baƙaƙe a jikin dutse, kowace an rufe bakinta da jan ƙyalle. A sama an rataye ƙahonni da busasshen jemage. A tsakiya akwai wata babbar ƙwarya cike da ruwa, ruwan da ba ya motsi ko da iska ta shigo. Bokan yana zaune bayanta, siriri, ido ɗaya fari fat.

"Ba sallama a nan," in ji shi. "Zauna. Me kake sayarwa?"

"Ni ba na sayar da komai, Baba. Sa mutane nake su danna hoto."

"To me kake so?"

"Duk yatsan da ya zo wucewa ta kan tallana, ya tsaya."

Ɗanliti ya sa ya bayyana masa aikin dalla-dalla. Da ya zo kan maganar hoto biyu, sai bokan ya ɗaga hannu.

"Wanda ya faɗin, ina kake kai shi?"

"Gogewa nake. Ba shi da amfani."

"To daga yau kada ka goge. Ka bar mini shi. Ladana ke nan."

Mujitaba ya ce, "Ba rago? Ba baƙar kaza?"

"Ina da kaji. Sharaɗi biyu ne kawai. Fuskokin su zama na masu cin tuwon gidanka. Kuma kowace Juma'a ka saki sabon gwaji, kada ka tsallake."

Mujitaba ya ɗago kai. Ya ce, "Baba, ina da 'ya ƙarama, Hamdiyya. Ban da ita a wannan magana."

Bokan ya yi murmushi, haƙoransa jajaye. "Kai ne mai zaɓen hoto. Jama'a ne masu dannawa. Ni hannuna yana ina a ciki?"

Ya karɓi wayar ya tsoma ta cikin ƙwaryar. Mujitaba ya zabura, amma ta fito a bushe, gilashinta ya ƙara baƙi. Sannan ya kama babban yatsan Mujitaba ya tsaga shi da aska, ya danna a kan gilashin. Jinin bai gangara ba. Gilashin ya shanye shi.

Gwajin farko na wani mai busasshen kifi ne. A gidan akwai Baffa Inuwa, ƙanen mahaifinsa, tsohon masunci daga cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga ƙauyukansu suna yara. Akwai kuma Hafizu, ƙanen Mujitaba. Ya ɗauki kowannensu riƙe da kifi. Baffa yana ta dariya yana cewa, "Kai ɗan nan, da wannan giɓin nawa za ka sa ni a waya? Ai korar masu saye zan yi!" Hafizu ya ce, "Bari kawai Baffa, ni 'yan mata za su danna." A ƙasan hotunan ya rubuta layi ɗaya: "Na Tiga ne, jiya aka banda shi."

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba. Kifin ya ƙare, mai kifin ya shiga saro na maƙwabta. Hafizu ne ya ci. Ranar da aka rufe gwajin, Baffa Inuwa ya je wanke komarsa a bakin ruwa, aka same shi kife a inda ruwan bai kai gwiwa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a kan ruwa. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka yi masa sutura.

Mujitaba ya ji wani abu ya soke shi, amma ya danne. Waya ba ta daina ƙara ba. Kamfanonin Kano suka yi ta nemansa, har da na Kaduna. Ya gina gida mai bene a Bebeji, ya sayi mota, yara suka riƙa binsa da kirari. Don kauce wa 'yan'uwansa sai ya cika gidan da masu aiki, kowa yana cin tuwon gidan. Mai gadi ya kwanta bai tashi ba. Mai wanki ta makance. Da labari ya bazu cewa gidan yana cin mutane, sauran suka tattara kayansu.

Sai ya ce ya tuba, ya ƙi sakin gwaji. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya duba wayar ya ga talla yana tafiya da kansa, da hotunan da ke ajiye a ciki: Hafizu a gefe guda, matarsa Sumayya a ɗaya gefen. Ya rotsa wayar da taɓarya. Tallan ya ci gaba da yawo a wayoyin mutane. Mako na cika, Hafizu ya tuɓe rigarsa a tsakar gida yana kururuwa, wai yatsu suna bin fuskarsa. Har yau a ɗaure yake a Tudun Wada wajen dangi.

Sumayya ta tsare mijinta. "Baban Hamdiyya, dube ni. Me ka ɗauko mana?"

A Juma'a ta gaba tallan ya sake fita da kansa, ya haɗa ta da mahaifiyar Mujitaba, wadda ita ma a gidan take zaune. Tsohuwar ta ci, domin fuskarta tana da kwarjini. Sumayya ta faɗi a kan sallaya, ba ta sake tashi ba. Ita ma tsohuwar baƙin ciki bai bar ta ta daɗe ba.

Ya koma Doguwa da gudu. Kogon wayam, babu tukwane, babu ƙahonni. Ƙwaryar kawai ya tarar, da ya leƙa sai ya ga fuskokinsu a ƙasan ruwan, har da Baffa da giɓinsa.

Yanzu saura mutum biyu masu cin tuwon gidan: shi da Hamdiyya, yarinyar da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ya yanke shawarar da kowane uba zai yanke. Zai haɗa gwajin da hannunsa, ya tabbata shi ne ya faɗi. Ya sayi sabuwar waya. Ya sa aka yi wa yarinyar kitso da lalle, ya saka mata sabon kaya, ya tsayar da ita inda haske ya fi kyau. Ya gyara hoton har yana sheƙi, ya yi masa ado da furanni da manyan haruffa. Nasa kuwa ya ɗauka yadda yake, a rame, ido jajur, hula a karkace, bai rubuta komai ba sai sunan kayan.

A cikin makon ya zo makaranta ya same ni, ya durƙusa, ya faɗa mini komai yana kuka. Na ce ya yi istigfari, mu je wurin malamai. Ya ce, "Za mu je, Malam. Amma yanzu don Allah fito da wayarka, ka nemo tallan, ka danna yarinyar."

Na nemo. Ina ganin hotunan biyu na gane kuskurensa. Hoton Hamdiyya ya yi kyau ƙwarai, kyau irin na talla, irin wanda yatsa yake wucewa bai tsaya ba. Nasa kuwa kamar saƙon ɗan'uwa da ke cikin wahala. Duk wanda ya gani sai ya tsaya ya ce, "Me ya sami Mujitaba?" Sai ya danna don ya ji. Son 'yarsa ya mantar da shi ƙa'idar da shi kansa ya koya mini.

Na nuna masa. Ya ƙura musu ido. Ya nemi ya sauya hotunan, waya ta ƙi. Ya bi kasuwa rumfa-rumfa, daga Kiru har Bebeji, yana kama rigar mutane. "Alhaji, danna yarinyar! Hajiya, don girman Allah, yarinyar!" Roƙon nasa ya ƙara tada surutu, surutun ya ƙara kai yatsu kan fuskarsa. Ranar da mako ya cika, da la'asar, Hamdiyya ta shigo daga wasa ta ce kanta yana ciwo, ta ɗora shi a cinyar mahaifinta. Ba ta ɗaga ba.

Gidan benen yana nan a Bebeji, ciyawa ta cinye ƙofarsa, babu mai son sayensa.

'Ya'yana, ku koyi sana'ar waya, halal ce, kuma Mujitaba ya iya ta tun kafin ya san hanyar Doguwa. Haƙurin jira ne ya gagare shi. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya, ladansa kuma abin da kuke zubarwa ne kawai, ku tashi ku bar wurin, domin ya riga ku sanin abin da za ku zubar. Ku ji tsoron Allah, ku nemi arziki ta inda Ya halatta. In kuma kun bi ta Kwanar Dangora mutumin nan ya miƙo muku gilashi, kada ku yi masa dariya. Ni idan na bi ta wurin nakan tsaya in danna masa. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, ta ci?"