Takardun Farfesa a Ƙunshin Kifi

Ranar Talata ce, zafin bazara ya hana kowa sakat, aka kira Insfekta Sahabi zuwa wani gida a unguwar Badariya, Birnin Kebbi.

Farfesa Abbas ya tarbe shi da sanda a hannu. Ya yi shekara talatin yana koyar da adabin Ingilishi a jami'a kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Turai. Jiya aka sallamo shi daga asibiti, ya iske an ɓalle ɗakin karatunsa.

"Me aka ɗauka, ranka ya daɗe?"

"Takarduna. Darussan da na koyar, littafin da ban gama ba, wasiƙun marigayiya. Jibi ɗakin karatun jami'a zai aiko a kwashe su. Su kaɗai zan bari a duniya."

Insfekta ya duba ɗakin. Kwamfuta tana nan, ba a taɓa ta ba. A saman kabad kuwa an jera wasu 'yan takardu a tsanake, duk masu rubutun Larabci.

"Kai ka ware waɗannan?"

"A'a. A cakuɗe suke da sauran."

"Wa ke shigowa gidan nan?"

Farfesa ya ce, "Ƙanena Tamba, mai noman albasa a Argungu. Shi kaɗai ke leƙo ni."

A Argungu, Tamba ya yi ta rantsuwa. "Yallaɓai, rabona da Birnin Kebbi tun Salla. Mi zan yi da takardun Yaya?"

Insfekta bai ja da shi ba. Tunaninsa yana kan saman kabad. Wanda ya tsaya ware rubutun Larabci ya san inda sauran za su je, don ba a ƙunshe abinci da takarda mai ayar Allah. Ya nufi layin masu suyar kifi na Argungu.

A rumfa ta huɗu wata dattijuwa mai suna Baiwa ta miƙo masa kifi cikin takarda mai rubutun hannu da jan biro.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

"Tamba mana, buhu-buhu yar raba muna. Ya ce ta boko ce, babu sunan Allah ciki. Ko laifi na yi, ɗana?"

Da aka haɗa shi da Farfesa a caji ofis, Tamba ya sunkuyar da kai.

"An ce mini Yaya ba shi tashi. Albasata na ruɓewa, ga ɗaki mai iska cike da takardun da ba mai karantawa. Amma wallahi ban wulaƙanta aya ko ɗaya ba."

"Da ka tambaye ni, Tamba," in ji Farfesa a hankali, "da na ba ka falo."

Wani kofur ya sa wa Tamba ankwa, ya wuce da shi.

Insfekta ya mayar da Farfesa gida, ya bar shi zaune kan tabarma yana shimfiɗa takardun da aka tsinto, duk sun sha mai.

A rahotonsa ya rubuta: an samo shafi sittin da biyu. An rasa darussan shekara talatin, littafi ɗaya, da wasiƙun marigayiya matar Farfesa, Hajiya Mansura, baki ɗaya. Ya ɗan riƙe biron, sannan ya ƙara a jerin abin da aka rasa: da mutum ɗaya tilo mai zuwa gaishe da Farfesa.