Layi Bakwai a Rajistar Zulaihatu

Rana ta take tsaka lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gidan renon yara na Zulaihatu a Gubuchi. Ta fito da jaririya goye a baya, wani yaron kuma riƙe da zanenta yana kukan da shi kansa ya manta dalilinsa. Tun asuba ba ta zauna ba.

Saurayin da ya sauko ma ba a cewa komai. Ƙura ta yi masa hoda har gira. Suka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da yara, sannan ya ce sunansa Ikrima, daga ofishin da ke duba wuraren renon yara. Yau ya faro daga Ikara, nan ne wuri na uku.

"Sannu da hanya, Malam. Ga ruwa."

Da ya karɓi kofin suka haɗa ido, kowa ya yi saurin kawar da kai. Zulaihatu ta ji haushin kanta, don ba ta ga abin faɗuwar gaba a jikin mutumin da ya zo neman laifinta ba.

Ya leƙa rijiya, ya tarar da murfi da kwaɗo. Ya duba banɗaki, gidan sauro, akwatin magani, ya ƙirga yara ashirin da biyu da masu reno uku. Yana ta gyaɗa kai har ya buɗe rajista. Nan biron ya tsaya.

"Malama, wane ne 'Na Mairama'? Wace ce 'Ta Hassana'? Layi bakwai babu sunan yaro, babu sa hannun uwa."

"'Ya'yan fari ne," ta ce a gajiye. "Ka san iyayen ba za su faɗi sunan ba. Ko dangwala yatsa a ce su suka haifa, kunya suke ji. Ni kuwa na san kowa da uwarsa."

"Ke kin sani. Ran da ba kya nan fa, wani ya zo ya ce shi ne kawu? Ko a kai yaro asibiti?" Ya murza idonsa. "Sati uku zan ba ki. In ba a cike ba, babu lasisi, kuma rufewa za a yi."

Ya karɓi lambarta saboda aiki, in ji shi. Washegari da hantsi saƙo ya shigo:

"Malamar yara, ya gajiyar jiya? Ban taɓa ganin wuri mai tsabtar naki ba. Ki yafe mani, aikin ne haka."

Ta amsa: "Oga mai biro, gajiya ta bi jiki. Yabo ba ya cike layi."

Daga nan saƙo ya zama kullum, har ya fara biyowa ta Gubuchi daga garinsu Kudan, hanyar da ko kusa ba tasa ba ce. Ranar da ya aiko a gaida mahaifinta, Malam Bobbo ya ƙi ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufka.

"Mutumin da ya zo rufe maki wuri shi ne zai zo mani da maganar aure? Ga Mamuda nan, ɗan gida, shekara biyu yana bin ki."

Mamuda dillalin rake ne, bakinsa ya fi raken zaƙi. Ya sha gaya mata ya san manya, takardar lasisi za ta fito ba tare da kowa ya buɗe rajista ba. Ita dai ba ta son takardar da za ta riƙa ɓoyewa.

Ta bi iyayen nan bakwai har gona. Kowacce sai ta rufe baki da gyale tana dariya: "Haba Zulai, ke ma dai!" Kwana goma suka tafi a haka. Idan aka rufe wurin, yaran za su koma gindin bishiya a bakin gonar tumatir, inda ake feshin magani. Wannan tunanin shi ke hana ta cin abinci.

Ana nan sai ga wasiƙa: an sauya mai dubawa, wata Hajiya Halima ce za ta zo. Mamuda ya kawo nasa ƙarin, wai Ikrima ya rubuta a rufe ya zame jikinsa. Zulaihatu ta shiga ɗakin ajiye katifu ta yi kuka mai isarta, don ta riga ta kamu da sonsa, ba ta kuma da ƙarfin musantawa. Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. A na uku ta buɗe saƙon:

"Zulaina, ni na roƙa a cire ni. Ba zan sa hannu a takardar matar da nake so in aura ba, kada gobe a ce soyayya ce ta ba ki lasisi. Aikinki ya isa ya ba ki. Kuma ni ma ɗan fari ne. Har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kakata ce ta kai ni firamare ta faɗa wa hedimasta."

Ta karanta sau biyu, ta share ido, ta ɗauki rajista da tawada. Ashe ƙofar da ba ta dace ba take ta bugawa. Da ta je wurin kakannin yaran kuwa, kafin ta rufe baki sun faɗi suna har da na wasa, sun kawo katin rigakafi, sun dangwala a matsayin masu ɗaukar yaro. Iyayen ma da suka ga an riga an rubuta, sai su miƙa yatsa suna kallon gefe. Layi shida suka cika.

Saura Mairama. Ita a rugar bayan gari take, mijinta da surukarta sun yi kudu da shanu, katin yaron ma yana cikin kayansu, waya kuma ba ta shiga.

Hajiya Halima ta zo ranar Talata, mace mai tabarau da ba ta san wasa ba. Ta duba komai, ta sa yatsa a layin.

"Wannan fa? Doka ba ta ce shida cikin bakwai ba."

Mairama na tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar nono a ka, ta kawo yaron ke nan. Ta dubi Zulaihatu, ta dubi yaran da ke kan tabarma. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta juya fuskarta ga bango.

"Zayyad," ta ce.

Yaron, ɗan shekara uku, ya saki abin wasansa yana waige-waige. Ya san sunan, ya san muryar, amma bai taɓa jin su tare ba. Da ya gane, ya ruga ya rungume ƙafarta. Hajiya Halima ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa kafin ta sa hannu.

Labarin ya riga Zulaihatu isa gida. Malam Bobbo ya sa aka kira Ikrima, ya bar shi durƙushe ya fi minti goma.

"An ce kai ka ce a cire ka."

"Ni ne, Baba."

"Ka san da ta faɗi, da ka rasa ta?"

"Na sani, Baba. Ban yi barcin kirki ba sati biyu."

Tsohon ya yi gyaran murya. "To, ka turo manyanka."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure, ranar Asabar, don amarya ta ce ba za ta rufe wa yara wuri ranar aiki ba. Iyayen yara ashirin da biyu suka raka ta har Kudan. Da aka watse, ta jingina da bango ta miƙe ƙafa.

"Angona, na gaji."

"Ni ma, Zulaina. Amma yau a gida ɗaya muka gaji."

Daga tsakar gida muryar Innarsa ta taso, tana sa albarka: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu albarka. Zulaihatu, ga shi nan, wannan ɗin. Ki riƙe mani shi amana."

Suka amsa da amin a tare.